Puliya: Ƙasar Zaitun Mai Fama da Ƙishirwa da Rashin Aiki

Duk wanda ya dubi taswirar nahiyar Turai zai ga ƙasar Italiya ta miƙo cikin teku kamar ƙafar mutum sanye da dogon takalmi. To, dunduniyar takalmin nan ita ce yankin da darasin wannan wata zai yi magana a kai. Mutanen wurin suna rubuta sunan Puglia, amma a baki Puliya ake cewa.

Girman Puliya ya kusa na Jihar Kano, mutanenta kuwa ba su cika miliyan 4 ba. Babban birninta shi ne Bari. Sauran manyan garuruwan su ne Fojiya a arewa, sai Taranto da Birindisi da Lecce a kudu. Teku ya kewaye ta ta gabas da kudu.

Ƙasa ce ta noma. Kusan rabin man zaitun da Italiya ke samarwa daga nan yake fitowa. Akwai alkamar da ake taliya da makaroni da ita, akwai inabi, akwai tumatir. Duk da haka tana cikin yankunan Italiya da aikin yi ya yi wa ƙaranci. 'Ya'yanta suna barin gida su tafi neman aiki, baƙi kuma daga Afirka suna zuwa su yi aikin gonakinta a kan kuɗi kaɗan. Yaya aka yi haka? Sai an duba ƙasar kanta, an kuma duba tarihinta.

ƘASA MAI SHANYE RUWA

Damina a Puliya lokacin sanyi take zuwa, daga Oktoba zuwa Maris. Yuni da Yuli da Agusta kuwa zafi ne da fari. Ruwan da ake samu a shekara a filayen Fojiya bai kai wanda ake samu a Kano ba. Sannan ƙarƙashin ƙasar dutsen farar ƙasa ne mai tsage-tsage kamar rariya. Da ruwa ya sauka sai ya zurare ciki. Saboda haka koguna kaɗan ne, babbansu shi ne Ofanto. Tun zamanin Rumawa ake kiran yankin ƙasar ƙishirwa. Mutane kan haƙa rami a gida su shafe shi, su tara ruwan da ya zubo daga rufin ɗaki, shi za su sha har wata damina.

Wannan ne ya sa manomi ya riƙe itacen da ke jure fari, wato zaitun da inabi da ɓaure. Alkama kuma a shuka ta da sanyi, a girbe ta a Yuni.

A 1906 aka fara wani babban aiki. Aka tare wani marmaro a garin Kafosele, can bayan duwatsu a wani yankin daban, aka huda duwatsun, aka gina hanyar ruwa mai tsawon kusan kilomita 250. Ruwan ya isa Bari a Afrilun 1915, ya kai ƙarshen dunduniyar a 1939. Cututtukan da gurɓataccen ruwa ke kawowa suka ragu. Amma har yau ruwan Puliya na aro ne daga maƙwabta. A 2024 fari ya sa madatsun ruwa suka ja baya ƙwarai, har aka rage wa manoman Fojiya ruwan ban-ruwa.

GIRKAWA DA RUMAWA

Mai karatu ya lura da abu ɗaya. Shekarun da ke kafin haihuwar Annabi Isa da baya-baya ake ƙirga su. Shekarar 700 ta riga shekarar 300.

Kafin Girkawa su zo, akwai ƙabilu uku a yankin: Dauni a arewa, Feuceti a tsakiya, Mesafi a kudu. Manoma ne, makiyaya, masu kiwon dawaki. A wajen shekarar 706 kafin haihuwar Annabi Isa, wasu Girkawa daga birnin Sparta suka ƙetaro teku suka kafa Taranto, a inda jiragen ruwa ke samun mafaka mai kyau. Birnin ya yi arziki da ulun tumaki da ginin tukwane da rini. Marinansu suna samo wani launi na shunayya daga katantanwar teku. Sai an tara katantanwa masu ɗimbin yawa kafin a rina riga ɗaya, don haka sai sarakuna da attajirai ke sa ta. Wani masanin lissafi mai suna Arkitas ya shugabanci birnin, an zaɓe shi jagoran yaƙi har sau 7.

Da birnin Rum ya yi ƙarfi ya fara matso kudu, mutanen Taranto suka aika wa Pirus, wani sarki daga ƙasar Girka, ya zo ya taimake su. Ya iso a 280 da dubban sojoji da giwaye 20. Ya ci Rumawa sau biyu, amma a kowane karo sai ya yi asarar jarumansa da yawa. Har yau idan mutum ya yi nasarar da hasararta ta fi ribarta, Turawa kan ce ya yi nasara irin ta Pirus. Ya koma gida, Taranto ta faɗa hannun Rum a 272.

Bayan shekara 56, wato a 216, sai ga Hanibal, jagoran yaƙin birnin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau. A wani wuri da ake kira Kane, kusa da kogin Ofanto, ya yi wa rundunar Rum ƙawanya. Sojojinsa ba su kai nasu yawa ba, amma a yini ɗaya aka kashe Rumawa dubbai masu yawa. Garuruwa da dama na kudu, har da Taranto, suka koma bayansa. Rum ba ta yafe ba. A 209 ta sake ƙwace Taranto, marubutanta suka ce an sayar da mutum 30,000 a matsayin bayi.

Abin da ya biyo bayan yaƙin ya fi yaƙin kansa tasiri ga talaka. Rum ta ƙwace filayen garuruwan da suka bi Hanibal. Filayen suka koma hannun attajirai, suka mai da su manyan gandaye da wuraren kiwo, bayi ke yi musu aiki. Mai gandu yana birni, mai noma ba shi da ko taki ɗaya. Wannan tsari ya yi ta dawowa a Puliya a ƙarƙashin masu mulki daban-daban har ƙarni na 20.

Rumawa sun kuma shimfiɗa babbar hanya ta dutse mai suna Afiya, daga Rum har Birindisi, fiye da kilomita 500. Daga tashar Birindisi ake loda man zaitun da giyar inabi cikin manyan tuluna zuwa ƙasashen gabas.

Bayan Rumawa, masu mulki sun yi ta sauyawa. Har Musulmi sun taɓa mulkin Bari daga shekarar 847 zuwa 871 bayan haihuwar Annabi Isa, sun gina masallacin Juma'a, sarkinsu na ƙarshe sunansa Saudan. Daga baya kuma, a shekarun 1220, Sarki Fardarik na Biyu ya kwaso dubban Musulmi daga tsibirin Sisili ya zaunar da su a garin Lucera. Manoma ne, maharba baka. Sun zauna nan har 1300, lokacin da wani sarki ya tarwatsa garin ya sayar da mutanensa.

JANGALIN TUMAKI

A arewacin Puliya akwai wani babban fili shimfiɗaɗɗe da ake kira Taboliyere. A arewa da shi kuma, a yankin Aburuzo, akwai manyan duwatsu. Da sanyi ƙanƙara kan rufe duwatsun, ciyawa ta ɓace. A daidai lokacin ne filin ke kore shar. Da zafi kuma filin ya ƙone, duwatsu su yi ciyawa. Saboda haka tun zamanin Rumawa makiyaya kan gangaro da tumaki a ƙarshen Satumba, su koma a Mayu.

A 1447 Sarki Alfonso, wanda ke mulkin kudancin Italiya daga birnin Nafoli, ya ga akwai kuɗi a wannan tafiya. Ya kafa ofishi na musamman, wanda daga baya ya zauna a Fojiya. Kowane mai garke sai ya faɗi yawan tumakinsa, ya biya haraji a kansu, kamar jangali. Ofishin kuma ya ba shi wurin kiwo, ya tsare masa hanya, ya ba shi kotu tasa. An shata burtali mai faɗin mita 111, aka kafa duwatsu a gefensa don kada manomi ya ci iyaka. Mafi tsawo ya kai kilomita 244. Tumaki fiye da miliyan ɗaya kan bi waɗannan burtalai a shekara, a sayar da ulunsu a kasuwar Fojiya kafin su koma.

Tsarin ya kare makiyayi, ya cika baitulmalin sarki. Amma manomi ne ya biya kuɗin sabulu. An ƙayyade filin da za a iya nomawa, an hana dasa itatuwa a wurin kiwo. Fili mafi kyau a kudancin Italiya ya zauna shekara fiye da 350 kusan babu ƙauyuka a cikinsa. A 1806 aka rushe ofishin, a 1865 kuma aka yi dokar da ta ba da damar mallakar filin. Masu kuɗi ne suka saye shi. Ciyawa ta koma alkama, amma gandun bai canza hannu zuwa ga talaka ba.

MASU JIRAN A ƊAUKE SU

Daga nan ne Puliya ta zama ƙasar 'yan ƙwadago. Ba su da gona. Suna zaune a cunkushe cikin manyan garuruwa, iyali guda a ɗaki ɗaya. Tun da asuba sai su taru a dandalin gari. Wakilin mai gandu ya zo ya nuna wanda yake so, saura su koma gida. Wanda aka ɗauka ya taka sayyadarsa zuwa gona mai nisa. Alkama kuwa ba ta buƙatar hannu sai lokacin shuka da girbi, don haka mutum kan yi watanni ba aiki.

Cikin irin waɗannan mutane aka haifi Giuseppe Di Vittorio a garin Cerinyola a 1892. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya bar makaranta ya shiga ƙwadago. Daga baya ya ci gaba da koyon karatu da kansa, ya shiga haɗa kan 'yan uwansa su nemi ƙarin lada da rage awoyin aiki. An ɗaure shi, ya yi gudun hijira a zamanin Musolini. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya zama shugaban babbar ƙungiyar ƙwadago ta Italiya, har rasuwarsa a 1957. A Cerinyola ana tuna shi da cewa shi ya koya wa lebura ya daina cire hula don tsoron mai gona.

A 1950 gwamnati ta yi dokar rabon filaye. An karɓi wani ɓangare na manyan gandaye, aka biya masu su diyya, aka yanka wa iyalai 'yan kadada kaɗan-kaɗan tare da ƙaramin gida. Inda ruwa ya kai, abin ya yi amfani. Inda babu ruwa, gonar ba ta ciyar da iyali ba. Har yau ana ganin irin gidajen nan a filin Fojiya, kango. Masu su sun bi jirgin ƙasa zuwa kamfanonin mota na Turin da Milan, wasu Jamus da Suwizalan, wasu ramukan kwal na Beljiyam. Kakanninsu kuwa tun farkon ƙarnin suka yi ta tafiya Amurka.

KAMFANIN ƘARFE NA TARANTO

Don a tsai da wannan ƙaura, gwamnati ta gina babban kamfanin narka ƙarfe a Taranto. An aza harsashinsa a 1960, aka buɗe shi a 1965. An tumɓuke dubban itatuwan zaitun don a samar masa fili. Ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a Turai, a wajen 1980 yana da ma'aikata fiye da 20,000. Ɗan manomi ya sami albashin wata.

Sai dai an gina shi jikin gidajen mutane. Jar ƙura da hayaƙi suka riƙa sauka a unguwar Tamburi. Binciken likitoci ya nuna ciwon daji da ciwon huhu sun fi yawa a wurin. An kashe garkunan tumakin da suka yi kiwo kusa da kamfanin saboda guba ta shiga jikinsu. An sha rufe makarantun unguwar a ranakun da iska ke kaɗowa daga wajensa. A 2012 wata alƙaliya ta ba da umarnin a riƙe sashen da ke narka ƙarfen. Dubban ma'aikata suka fito titi, ba don suna musun cutar ba, sai don ba su da wani aikin. Gwamnati ta yi doka ta bar shi ya ci gaba. An sayar da shi a 1995, wani kamfanin ƙetare ya karɓe shi a 2018, a 2024 kuma gwamnati ta sake ɗora wakilanta a kansa. Ma'aikatan sun ragu zuwa wajen 8,000. Gari guda ya dogara da kamfani guda, ya rasa yadda zai rabu da shi.

CUTAR ZAITUN

Kafin 2013 an ƙiyasta itatuwan zaitun na Puliya sun kai miliyan 60. Wasu sun haura shekara ɗari biyar suna ba da 'ya'ya. Ana tsinkar 'ya'yan daga Oktoba zuwa Janairu, a kai injin matsa. Kilo 5 zuwa 7 ke ba da lita ɗaya ta mai.

A Oktoban 2013 masana suka gano wata ƙwayar cuta mai suna Silela a gonakin da ke kusa da Galifoli, a kudu. Ido ba ya ganin ta. Tana shiga jijiyoyin da ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye, ta toshe su. Reshe ya bushe, wani ya bi, har itacen ya mutu a tsaye. Wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ruwan tsiro ne ke ɗaukar ta daga wannan itace zuwa wancan. Masana sun ce ta shigo ne cikin dashen kofi da aka kawo daga Amurka ta Tsakiya.

Babu maganin da ke warkar da itacen. Malaman gona suka ce a sare wanda ya kamu da waɗanda ke kewaye da shi. Manoma da yawa suka ƙi. Wa zai sa gatari a itacen da kakan kakansa ya dasa? Wasu suka ce makirci ne na masu son filin. Aka shiga kotu, har masanan kansu aka bincika. Ana wannan ja-in-ja, ƙwaron bai tsaya ba. Miliyoyin itatuwa suka mutu, injinan matsa mai da yawa suka rufe, cutar ta yi ta hawa arewa har ta shiga lardin Bari. Tausayin manoman a fili yake, amma jinkirin ya jawo asarar da ta fi wadda suka guda.

Abin da ake yi yanzu shi ne a kafce ciyawar gona a farkon bazara, lokacin da 'ya'yan ƙwaron ke cikinta ba su yi fiffike ba. Ana kuma dasa irin zaitun da ke jure cutar, kamar Lecino da Faboloza. Sabon dashe kan ɗauki shekara 4 ko 5 kafin ya fara ba da abin kirki.

SU WA KE TSINKAR TUMATIR?

Filin da tumaki suka yi kiwo a da, yanzu yana cikin manyan wuraren noman tumatirin gwangwani a Turai. Injina suna girbe mai yawa, amma har yanzu ana neman hannu. Yawancin masu wannan aiki baƙi ne, daga gabashin Turai da Afirka ta Yamma: Mali, Senigal, Gambiya, Gana, Nijeriya. Da yawa ba su da cikakkun takardu. Suna kwana a bukkokin kwano da leda a bayan gari, ko a kangayen gidajen rabon filaye na 1950.

Tsakanin lebura da mai gona akwai ɗan kamasho da suke kira kaforale, wato kofur. Shi ke zaɓen wanda zai yi aiki, kamar yadda wakilin mai gandu ke yi a da. Sau da yawa ba da yini ake biya ba, da akwati ne. Akwati mai cin kilo 300 ana biyan sa yuro 3 zuwa 4. Kofur ya cire kuɗin mota, wajen yuro 5, wani lokaci har da na ruwan sha da burodi.

A 2011 leburori a garin Nardo suka yi yajin aiki. Wani ɗalibi ɗan Kamaru, Yvan Sagnet, wanda ya zo neman kuɗin makaranta, shi ya jagorance su. A 2015 wata mace 'yar Italiya, mai shekara 49, ta faɗi ta rasu tana aiki a gonar inabi cikin zafi. A 2016 aka yi dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 6 ga kofur da mai gonar da ya ci da gumin lebura. An kama mutane, amma abin bai ƙare ba. A Agustan 2018 leburori 16 'yan Afirka suka mutu a haɗarin mota biyu kusa da Fojiya, an cusa su cikin motocin da ke dawo da su daga gona. Wanda ake zuga shi ya sayar da gonarsa ya bi hamada zuwa Turai, ya kamata ya san irin aikin da ke jiran da yawa a can.

'YAN ƘASA FA?

A 2014, cikin kowane mutum 100 da ke son aiki a Puliya, fiye da 20 ba su da shi. A 2023 adadin ya sauka zuwa kusan 12. An samu ci gaba. Ana ƙera sassan jirgin sama a Girotaliye, kusa da Taranto. Ana yin kujerun falo da kayan mota. Yankin yana gaba-gaba a Italiya wajen samar da lantarki daga iska da hasken rana. Masu yawon buɗe ido kuma suna tururuwa bakin teku da garin Alberobelo, mai ɗakunan dutse masu tsinin rufi kamar rumbu.

Amma aikin otal na wata uku ne ko huɗu, kamar yadda aikin girbi yake. A 2023 rabin waɗanda suka isa aiki ne kawai ke da shi, mata kuwa ba su kai 4 cikin 10 ba. Matasan da suka gama jami'a a Bari da Lecce da yawa suna tafiya Milan ko ƙetare, ba su cika dawowa ba sai da hutu. Haihuwa ta ragu, yawan mutanen yankin yana raguwa kowace shekara.

AIKIN AJI

1. Me ya sa koguna suka yi ƙaranci a Puliya?
2. Wa ya amfana da jangalin tumaki na 1447, wa kuma ya cutu?
3. Lebura ya cika akwati 8 na tumatir, kowane akwati yuro 4. Kofur ya cire yuro 5 na mota da yuro 3 na ruwa da burodi. Nawa ya rage masa?